Kabejin Kerguelen: Ganyen da Ya Raba Kan Masana

A watan Disamba na 1776 jiragen Kyaftin James Cook suka yada zango a tsibirin Kerguelen, can ƙuryar kudancin Tekun Indiya, inda babu bishiya ko ɗaya, sai duwatsu da iska mai sanyi da ba ta lafawa. A nan likitan jirgi William Anderson ya ci karo da wani tsiro mai faffaɗan ganye, a dunƙule kamar kabeji. Ya raɗa masa suna Pringlea don karrama Sir John Pringle, shugaban ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan. Ma'aikatan jirgi kuwa ba suna ne ya dame su ba. Dafa shi suke yi su ci, domin yana maganin cutar nan mai kumbura dasashi da zubar da haƙora, wadda rashin bitamin C ke jawowa, ta hallaka masu doguwar tafiyar teku bila adadin.

Joseph Hooker, wanda ya iso a 1840 cikin ayarin James Clark Ross, shi ya yi cikakken bayanin tsiron a littafinsa Flora Antarctica. Dangin kabeji ne, babu tantama. Sai dai shi kaɗai ne a jinsinsa, kuma ba a samunsa sai a Kerguelen da tsibiran Crozet, Heard, McDonald, Marion da Prince Edward. To, daga ina ya fito?

Hooker ya fi karkata ga cewa tsirran kudu ragowar tsirran wata tsohuwar ƙasa ne da teku ya rarraba. Amininsa Charles Darwin bai yarda ba. A 1855 har jiƙa iri ya riƙa yi a ruwan gishiri, don ya nuna zai iya ƙetare teku ya kuma tsiro.

Binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2012 ya gano cewa danginsa na kusa suna Kudancin Amurka, kuma sun rabu da shi kimanin shekaru miliyan 5 da suka wuce, bayan nahiyoyin sun daɗe da rabuwa. Baƙo ne ke nan da ya ƙetaro teku. A wannan gardamar Darwin ya fi kusa da gaskiya.

Zomayen da aka saki a Kerguelen a 1874 sun yi masa mummunar ɓarna. Yau an fi samunsa a tsagin duwatsu masu wuyar hawa da ƙananan tsibiran da zomo bai taka ba.