Littafin "Mu" na Zamyatin, Shekara Ɗari Bayan Hana Shi Fita

Duk ɗalibin da ya karanta Gandun Dabbobi, watau fassarar da Malam Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell a shekarar 1975, ya san yadda marubuci kan fake da guzuma ya harbi karsana. Galibinmu kuma mun ji labarin ɗaya littafin nasa mai suna 1984. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne wannan littafi yana da uba, kuma uban ɗan Rasha ne. Sunansa kalma ɗaya ce tak a Rashanci, ma'anarta "Mu". Shi nake so mu duba, mu ga ko har yanzu da sauran ruwa a rijiyarsa, ko kuwa suna kawai ya rage masa.

Mawallafinsa, Yebgeni Zamyatin, an haife shi a garin Lebedyan a shekarar 1884. Injiniyan jiragen ruwa ne. Tun yana ɗalibi ya shiga jam'iyyar Bolshebik ta su Lenin, har gwamnatin Sarkin Rasha ta ɗaure shi lokacin boren 1905. Ke nan ba baƙo ba ne ga juyin juya hali, ɗan gida ne, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan. A 1916 aka tura shi Niyukasil ta ƙasar Ingila don ya sa ido a kan ƙera jiragen ruwa masu fasa ƙanƙara. A can ya ga ma'aikata suna shiga suna fita da busar agogo kamar tumaki, abin ya tsaya masa a rai. Ya komo gida a 1917, ya tarar abokansa na dā suna gab da karɓe mulki.

To, a wannan zamani akwai wani Ba'amurke, Frederick Taylor, wanda ya fito da dabarar auna kowane motsin ma'aikaci da agogo, don kada daƙiƙa ɗaya ta salwanta. Abin mamaki, Lenin da kansa ya ce a ɗauki abin da ke da amfani cikin dabarar wannan ɗan jari hujja. Wani mawaƙi kuma, Aleksei Gastev, har shawara ya kawo cewa nan gaba ma'aikata ba su bukatar suna, harafi ko lamba ya ishe su. Zamyatin bai ƙaga kome daga iska ba. Maganganun da yake ji a tarurruka ya kwasa, ya ja su har ƙarshen igiyarsu, ya rubuta littafin tsakanin 1920 da 1921.

Ga yadda labarin yake. Bayan yaƙin shekara 200 wanda ya ci mafi yawan 'yan Adam, sauran sun taru a birni ɗaya, ƙasa ɗaya, ƙarƙashin shugaba ɗaya da ake kira Mai Kyautatawa. Ba mai suna, sai lamba. Gidaje duka na gilashi ne, kowa na ganin kowa. Akwai jadawalin da ya tsara lokacin tashi da na aiki da na barci, har yawan taunar da za a yi wa kowace loma, sau 50. Ba aure, ba iyali. Wanda ke son keɓewa da wata sai ya karɓi tikiti, sannan a yarda masa ya saki labule na ɗan lokaci. An kewaye birnin da ganuwa don kada daji ya shigo. Mai ba da labarin, D-503, masanin lissafi ne da ke ƙera kumbon da zai kai wannan "jin daɗi" ga mazauna sauran taurari, ko suna so ko ba su so. Yana cikin yabon gwamnati a littafin ajiyarsa sai ya haɗu da wata mace, I-330, mai shan taba da barasa, 'yar ƙungiyar asiri. Daga nan ya fara mafarki, likita ya duba shi ya ce ya kamu da muguwar cuta, wai ruhi ya tsiro masa.

Hukumar tace littattafai ta Sobiyat ta hana a buga shi. A 1922 aka sake kama Zamyatin, aka kai shi kurkukun nan dai da Sarki ya taɓa tsare shi. Littafin ya sulale waje, ya fara fitowa da Ingilishi a Niyu Yok a 1924. A 1927 wata mujallar 'yan gudun hijirar Rasha a birnin Firag ta buga wani sashe nasa da Rashanci, wannan kuwa shi ne ya zama sandan dukansa. A 1929 aka yi masa taron dangi a jaridu, shi da Boris Pilnyak, aka kira su maciya amana. Aka janye wasanninsa daga dandali, masu ɗab'i suka juya masa baya. Sai ya yi abin da ba kowa ke da zuciyar yi ba: a 1931 ya rubuta wa Sitalin takarda, ya ce hana marubuci rubutu daidai yake da hukuncin kisa, don haka a bar shi ya fita. Da sa bakin Maksim Gorki aka bar shi. Ya mutu a Faris a 1937 cikin talauci. Pilnyak da ya zauna ya nemi gafara, harbe shi aka yi a 1938. Gastev mai shawarar lamba ma bai tsira ba, a 1939 aka kashe shi.

Mutanen Rasha ba su karanta littafin a fili a ƙasarsu ba sai 1988, zamanin Gorbachev, lokacin da mujallar Znamya ta buga shi. Shekara uku bayan haka Tarayyar Sobiyat ta rushe. Orwell kuwa ya same shi cikin fassarar Faransanci, ya yi sharhi a kansa a jaridar Tribune a 1946, shekara uku kafin fitowar 1984. Wanda ya karanta biyun ba ya bukatar a faɗa masa wanda ya sha nonon wani.

Yanzu mu zo ga tambayarmu. Ta fuskar kimiyya littafin ya tsufa, ba gardama. Abincin da ake yi da man fetur da kumbon gilashi abin dariya ne yau. Salon ma yana wahalarwa: jimloli na yankewa a tsakiya, ɗigo-ɗigo sun cika shafi, wani lokaci sai ka koma baya ka ga wa ke magana. Matan labarin kuma kamar an rataya musu allo ne a wuya, wannan fitina, waccan uwa.

Akwai kuma abin da ya sosa mini rai a matsayina na baƙar fata. Mawaƙin gwamnati a labarin, R-13, kusan duk inda ya fito sai an ambaci kaurin leɓɓansa irin na mutanen Afirka. Wasu manazarta na ganin ishara ce ga Pushkin, babban mawaƙin Rasha, wanda kakan mahaifiyarsa, Abram Gannibal, bawa ne da aka kwaso daga Afirka yana yaro. Wani masanin tarihi ɗan Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujja a 1996 cewa daga Logone-Birni ya fito, kudu da Tafkin Cadi, cikin Kamaru ta yau, watau maƙwabcinmu ne. Ko da haka ne, maimaicin ya yi yawa, kuma uzurin bai wanke shi sarai ba.

Amma fa inda ya yi hasashe ya dace, sai jiki ya yi sanyi. Ranar zaɓe a birnin ana ɗaga hannu ne a bainar jama'a. A shekarar da labarin ya faru dubbai suka ɗaga hannun ƙi, washegari jarida ta ce an sake zaɓen Mai Kyautatawa baki ɗaya, don masu ƙin marasa lafiya ne, ba a lissafa su. An rubuta wannan tun kafin Sitalin ya hau, kuma mu 'yan Afirka da muka ga zaɓen jam'iyya ɗaya ba mu bukatar tafinta. Ganuwarsa ta riga ta Balin, wadda aka gina a 1961, da shekara 40. Tiyatar da gwamnatin labarin ta tilasta wa kowa don a ƙone gurbin tunani a ƙwaƙwalwa ta riga tiyatar da likitan Fotugal, Egas Moniz, ya fara yi wa masu taɓin hankali a 1935, wadda har ta jawo masa kyautar Nobel a 1949 kafin duniya ta yi tir da ita.

A ganina kuskuren da aka yi lokacin yaƙin cacar baka shi ne ɗaukar littafin a matsayin zagin gurguzu kurum. Agogon Taylor ba daga Mosko ya fito ba. Gurguzun Rasha ya tafi, gidan gilashi yana nan. Abin da Edward Snowden ya fallasa a 2013 game da leƙen wayoyin jama'a a Amurka ya faru. Mu ma nan kowa da lambarsa, ta banki da ta ɗan ƙasa, in babu ita layin wayarka ma sai a rufe. Ban ce wannan zalunci ba ne. Tana da amfaninta. Inda Zamyatin bai hango ba shi ne ba sai an tilasta mana ba. Da kuɗinmu muke sayen gilashin, mu sa a aljihu, mu yaye labulen ɗakinmu da hannunmu a Facebook.

Wurin da na fi so a littafin shi ne inda D-503 ya nace cewa juyin da ya kafa ƙasarsu shi ne na ƙarshe. Sai I-330 ta ce masa, tun da shi masanin lissafi ne, ya faɗa mata lamba ta ƙarshe. Ya ce babu ita. Ta ce to haka juyi yake. Tsohon ɗan Bolshebik ne ke gaya wa abokansa wannan, suna kan karaga, shekara uku kacal da hawansu, don haka ba abin mamaki ba ne da suka ƙi yafe masa.

Ƙarshen labarin ba daɗi. An yi wa D-503 tiyatar, ya je da ƙafarsa ya tona asirin 'yan tawaye, ya zauna kusa da Mai Kyautatawa yana kallo ana azabtar da I-330, ko gezau, ita kuwa ta ƙi furta kome. Sai dai kafin nan ɗaya macen, O-90, ta riga ta ƙetare ganuwa ɗauke da cikinsa, kuma a shafin ƙarshe ana ta fafatawa a unguwannin yammacin birnin.