Wasan Da Ba Ya Kallon Agogo

A watan Yunin 2010, hankalin kowa a fadarmu ta Maradi yana kan gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu. Ni kuwa na kwana uku ina komawa wata tasha don wasan tanis guda ɗaya a Wimbledon, tsakanin John Isner ɗan Amurka da Nicolas Mahut ɗan Faransa. Wani abokina ya gaji ya ce, "Kai malam, yaushe alƙalin nan zai busa tashi?" Na ce masa ai tanis ba shi da agogo. Ba a tashi sai wani ya yi nasara. Ranar na fara bibiyar asalin wannan ƙa'ida.

Tushen wasan yana arewacin Faransa tun ƙarni na 12, inda ake bugun ƙwallo da tafin hannu, ana kiran sa jeu de paume. Sai a ƙarni na 16 raket ya bazu. Sunan tanis ma daga kalmar Faransanci "tenez" ya fito, wato "karɓi", gargaɗin da mai fara bugu ke yi wa abokin karawarsa. A zauren wannan wasa ne a Versailles wakilan talakawa suka yi rantsuwar nan ta 20 ga Yunin 1789, farkon juyin juya halin Faransa.

Turawan Ingila ne suka fito da shi kan ciyawa. A 1874 Manjo Walter Wingfield ya yi rajistar nasa salon, da fili mai tsukakken tsakiya kamar kalangu. A 1877 aka buɗe gasar Wimbledon da mutum 22, Spencer Gore ya lashe. Nan aka miƙar da filin: tsawo mita 23.77, faɗi mita 8.23 idan mutum ɗaya ne a kowane gefe, kuma haka yake har yau.

Dokokin ba su da yawa. Mai fara bugu yana da dama biyu ya tsallake raga, ƙwallo ta sauka cikin akwatin da ke karkace da shi. Ƙwallo ba ta taɓa ƙasa sau biyu a gefenka. Ana ƙirga maki 15, 30, 40, ƙirgen da aka gada daga tsohon wasan. Wanda ya ci maki huɗu ya ɗauki zubi, wanda ya ci zubi shida ya ɗauki turmi. Amma ko'ina akwai sharaɗi ɗaya: sai ka ba da tazarar biyu. In an yi 40 da 40, dole ka ci biyu a jere.

Wannan sharaɗi shi ne daɗin wasan, shi ne kuma matsalarsa. Komai nisan da aka ba ka, kana iya dawowa, domin lokaci ba zai ƙare maka ba. Shi ma wanda ke gaba ba ya iya ɓata lokaci kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Sai dai wasa kan ja har dare, gidajen talabijin kuma ba sa son haka. James Van Alen, Ba'amurke, ya kawo bugun raba gardama idan an yi kunnen doki a zubi, gasar Amurka ta karɓe shi a 1970. Wimbledon ta karɓa daga baya, amma ban da turmin ƙarshe.

Abin da ya kama Isner da Mahut ke nan. Awa 11 da minti 5 suka yi, turmi na biyar ya tashi 70 da 68. Washegari Isner ya dawo fili jiki ba ƙwari, aka fitar da shi ba tare da ya ci turmi ko ɗaya ba. A 2018 ya sake yin 26 da 24 da Kevin Anderson. Daga 2019 Wimbledon ta sa iyaka a 12 da 12, sannan a 2022 manyan gasa huɗu suka amince da raba gardama na maki goma a 6 da 6.

Na yarda lafiyar 'yan wasa ta fi nishaɗina. Duk da haka raba gardamar ma ba a cin sa sai da tazarar biyu, kuma har gobe babu mai busa tashi. Abokina dai ya koma kallon ƙwallon ƙafarsa, yana cewa shi ba zai bi wasan da bai san lokacin tashinsa ba.