Maisitoma: ciwon ƙafar da ke farawa da sukar ƙaya

Maisitoma ciwo ne da ƙwayoyin cutar da ke cikin turɓaya ke haddasawa, galibi bayan ƙaya ta soki mutum. Ƙafa ta kumbura, ba zafi da farko, sai ta riƙa ɗigar ruwa da 'yan tsaba baƙaƙe, farare ko jajaye. In aka bar shi shekaru, har ƙashi yake ci, wani lokaci sai an yanke ƙafar.

Ya fi yawa a ƙasashe masu fari: Sudan, Cadi, Nijar, Mali, Senegal, har Indiya da Meziko. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Makiyayan Gougaram, ku sa takalmi. Kumburin da ya ƙi sacewa, a kai shi likita tun da wuri, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.