2.4 Tarihin Sake Tantance Ɗalibai Masu Buƙata ta Musamman a Amurka

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, tantancewa ce ke kai yaro ajin ilmi na musamman. Abin da za a duba a nan shi ne yadda aka fara tilasta wa makarantun Amurka su waiwayi hukuncin da suka yanke a kan yaro.

Maganar ta samo asali ne daga kotu. A shekarar 1970 aka kai ƙarar hukumar ilmi ta jihar Kalifoniya a madadin wasu yara tara 'yan asalin Meksiko, shari'ar da aka fi sani da sunan Diana. An yi wa yaran gwajin basira da Ingilishi, alhali Sifaniyanci suke yi a gida, aka ce suna da raunin ƙwaƙwalwa. Da aka sake gwada su da harshensu, sai akasarinsu suka haye. A 1979 kuma, a shari'ar Larry P., alƙali Robert Peckham ya hana amfani da irin wannan gwaji wajen tura yara baƙar fata waɗannan azuzuwa a jihar.

Tsakanin shari'o'in biyu, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar ilmin yara naƙasassu ta 1975, ƙa'idojinta na 1977 kuma suka wajabta sake tantance yaro aƙalla duk shekara uku. Sai dai makarantu da yawa sun mayar da abin al'ada kawai, ana maimaita gwaji ko a kan yaron da aka haifa makaho. Saboda haka gyaran 1997 ya ce a fara da duba bayanan da ke hannu, wato sakamakon aji, da lurar malamai, da abin da iyaye suka kawo. In an ga sun wadatar, ba a sabon gwaji, amma dole a sanar da iyaye cewa suna da 'yancin neman a yi. Gyaran 2004 ya ƙara da cewa ana iya barin tantancewar shekara ukun idan iyaye da makaranta suka amince.

A ganin mai wannan bincike, sauƙin yana tattare da haɗari. Da a ce fayil ɗin yaran shari'ar Diana kawai aka duba, sakamakon gwajin Ingilishin nan za a tarar a ciki, kuma iyayensu, waɗanda akasari leburorin gona ne, da wuya su san ana iya neman wani.