Lokacin da Magidanta Suka Koma Aji

Karatun babba ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa, magidanci kan ɗauki littafinsa bayan sallar asuba ya nufi zauren malam, ya biya Ahalari ko Ishmawi ko Risala, kuma ba wanda zai ce masa ya tsufa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji suna zagaya ƙauyuka suna koyar da matan aure da tsofaffi, abin da aka sani da 'Yan Taru. Sabon abin da shekarun 1950 suka zo da shi shi ne hukuma ta tara manya ta koya musu boko.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mulkin kai yana ƙaratowa, za a fara zaɓe, ga Arewa an bar ta a baya ƙwarai wajen ilimin zamani. A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a kuma wayar da kan talakawa. Ba a daɗe ba aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, kuma cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa har da Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina.

Kawuna yana cikin waɗanda suka shiga ajin garinmu, yana da mata biyu da 'ya'ya a lokacin. Da rani ake yi, bayan an kai amfani gida, daga la'asar zuwa magariba, a ƙofar gidan dagaci. Malaminsu yaro ne da ya gama elemantare, sa'an ɗan wasu daga cikinsu. Kawu ya ce abin da ya fi ba shi wuya ba baƙaƙen ba ne, tunda ya iya ajami. Hannunsa ne ya saba tafiya daga dama, sai ga shi an ce ya taso daga hagu. Waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba kuwa, sukan damƙe fensir kamar ƙotar fartanya har bakinsa ya karye, malam ya sa reza ya sake feƙewa. Wasu sun gudu saboda dariyar yara masu leƙe. Shi bai gudu ba, domin yana da abin da yake nema: ya karanta lambar da ke jikin sikeli ranar awon gyaɗa, ya duba takardar haraji da idonsa, kuma ya daina kai wasiƙar ƙaninsa soja wurin wani ya ji sirrin gidansu. Na ga satifiket ɗinsa, a naɗe cikin gafaka tare da Alƙur'aninsa.

Abin da ya fi burge ni a tsarin nan shi ne masu shi sun gane cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, kafin damina biyu ya manta. Shi ya sa aka kafa hukumar NORLA a Zariya, kusa da kamfanin Gaskiya, tana buga ƙananan littattafai masu araha kan noma, tsafta, lissafi, addini da labarai. Larduna suka sami jaridunsu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Mutum ya ga sunan gundumarsa a takarda, ya ga labarin kasuwar da yake ci, dole ya lallaɓa ya haɗa baƙi. Da aka rufe NORLA a 1959, jaridun lardunan nan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kuma a ganina tun daga nan yaƙin ya fara sanyi.

Ya sake farfaɗowa a 1980, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano, wadda har UNESCO ta yaba wa aikinta. Gwamnatin Shagari ta ƙaddamar da nata gangamin na ƙasa a 1982, sannan aka kafa hukumar tarayya a 1990. Wannan karon mata ne suka fi cin moriya. Matan da aka cire daga makaranta aka yi musu aure suka koma aji da goyo a baya. Balaraba Ramat Yakubu tana cikin irinsu, ta kuma zama marubuciyar da ake karantawa har a ƙasashen waje. Masu sukar littattafan soyayya na Kano su yi ta suka, amma ni na shaida cewa su suka yi wa matan nan aikin da NORLA ta yi wa su kawu. Mace ta yi hayar littafi ta kwana tana karantawa da fitilar ƙwai, ta ba kishiyarta, gobe a mayar a karɓo na biyu.

Yau azuzuwan da na ga sun fi cika su ne Islamiyyun matan aure da na dare, inda ake haɗa tajwidi da karatun Hausa da ɗan lissafi. Masu zuwa kuma da dalilinsu: wata tana so ta karanta saƙon da ya shigo wayarta, wani ɗan kasuwa ya gaji da miƙa wa yaro katin banki yana faɗa masa lambar sirri. Malaman da ke koyar da su, da yawansu sai su yi watanni ba su ga alawus ba, kuma har yanzu ban ga wanda ke buga wa sabon mai karatu ɗan littafi mai manyan baƙaƙe da kuɗinsa bai fi ƙarfinsa ba.