Ajiya Kafin Rance: Tarihin Bashi a Gidajen Komah da Dapaong

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma ba kowane bashi ne mutum ya ci da bakinsa ba. Akwai wanda magidanci ya karɓo da hannunsa, akwai kuma wanda manya suka ciwo a birni, sai nauyinsa ya sauko har kan murhun talaka. Mutanen arewacin Togo sun ɗanɗani iri biyun nan. Tarihinsu ya nuna hanyar da ta jefa ƙasa cikin rami, ya kuma nuna hanyar da ta fitar da gidaje da yawa daga cikinsa.

Komah tsohon ƙauye ne na Kotokoli, waɗanda ake kira Tem, yanzu kuwa ya zama unguwa a cikin birnin Sokode. Kusa da shi akwai Didaure, unguwar fatake da malamai. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin Hausawa yakan bi ta wannan ƙasa daga Kano zuwa Gwanja, da kanwa da tufafi da fata, ya komo da goro. Waɗansu ayarorin sukan bi ta arewa, ta Sansanne Mango, a kudu da inda Dapaong take. Cinikin nan da amana yake tafiya. Falke yakan karɓi kaya bashi, ya yi watanni a hanya, in ya dawo ya biya. Mai masauki a zango shi ne shaida, shi ne kuma mai lamuni. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa yakan riga shi isa zango na gaba. Saboda haka mutanen wannan hanya sun daɗe da sanin cewa sunan kirki shi ne jarin matalauci.

Jamusawa sun kafa bariki a Sokode a ƙarshen ƙarni na 19. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wannan sashe ya koma hannun Faransa. Mulkin Turawa ya kawo wani sabon nauyi, wato haraji da aikin tilas. Manomi wanda rumbunsa yake cike bai tsira ba sai ya nemo kuɗi. Da kasuwannin duniya suka faɗi bayan 1929, farashin amfanin gona ya karye, haraji kuwa bai sauka ba. A watan Janairu na 1933 matan kasuwar Lome suka tashi suka yi bore a kan sabon haraji. Mata ne suka fara tashi, gama su ne suke sanin abin da ya rage a tukunya.

A wannan zamani ne aikin mishan ya kafu a arewa. Sokode ta sami shugabancin ikkilisiyar Katolika na kanta a 1937, ta zama dayosis a 1955. Dapaong, a ƙasar Moba, ta zama dayosis a 1965. Makarantun mishan sun fitar da malamai da akawuna da ma'aikatan asibiti, mutanen da suke jiran albashi a ƙarshen wata. Albashin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Daga cikinsa ake biyan kuɗin makarantar ƙanne, da maganin tsofaffi, da hidimar jana'iza a ƙauye.

Togo ta sami 'yancin kai ranar 27 ga Afrilu, 1960. Babban arzikinta shi ne fosfat, dutsen da ake yin takin zamani da shi, wanda ake haƙowa a kudu, wajen Hahotoe. A 1974 gwamnatin Shugaba Eyadema ta karɓe kamfanin fosfat, a wannan lokaci kuma farashinsa ya ninka har wajen sau huɗu a kasuwar duniya. Da gwamnati ta ga kuɗi na shigowa, sai ta ciwo bashi mai yawa daga ƙasashen waje bisa zaton haka abin zai ɗore. Aka gina matatar mai, da masana'antar ƙarfe, da manyan otal-otal, har da dogon benen nan na Lome da aka buɗe a 1980. Amma tun daga 1975 farashin fosfat ya soma komawa ƙasa. Ayyukan da aka gina yawancinsu ba su kawo riba ba. Arziki ya wuce, bashi ya zauna.

A 1979 Togo ta je wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta kuma roƙi ƙasashen da ke bin ta bashi su ɗaga mata lokacin biya. Daga 1983 aka shiga shirin tsuke bakin aljihu tare da Bankin Duniya. Aka tsayar da ƙarin albashi, aka rage ɗaukar ma'aikata, aka rufe waɗansu kamfanonin gwamnati, waɗansu kuma aka sayar. Yaron da ubansa ya sayar da akuya ya sa shi makaranta, ya gama karatu ya dawo gida ba aiki.

Wahala ta biyu ta zo da rikicin siyasa. Ranar 16 ga Nuwamba, 1992, aka shiga yajin aiki na ƙasa, wanda ya ɗauki kimanin wata tara. Ya fi ƙarfi a Lome, amma Lome ce bakin teku, daga can kaya da kuɗi suke hawowa arewa. Bayan zubar da jinin da aka yi a Janairu na 1993, dubban ɗaruruwan mutane suka gudu zuwa Gana da Benin, waɗansu kuma suka koma garuruwan iyayensu. Gidan da a da yake jiran saƙo daga birni, yanzu shi ne yake ciyar da mutanen birni. A shekarar nan ce Tarayyar Turai ta dakatar da taimakonta ga Togo.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ta uku ta faɗo. Ranar 11 ga Janairu, 1994, a birnin Dakar, aka sanar da karya darajar kuɗin sefa da rabi. A da sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, washegari sai ya zama sefa 100. Duk abin da jirgi ke kawowa ya tashi: shinkafar waje, sukari, madarar gwangwani, fulawa, magani, littattafan makaranta, kayan gyaran mota da na babur. A shekarar 1994 farashin kaya a Togo ya hau da kusan kashi 40 cikin ɗari. Albashi bai bi shi ba. Manomin auduga ya sami ƙarin farashi, amma takin da kamfanin SOTOCO yake ba shi bashi shi ma ya yi tsada, ana kuwa cire kuɗinsa kafin a miƙa masa ko dala.

To, da me gidaje suka rayu?

Da fari, abin da ƙasa take bayarwa ya koma gaba. Doya da masara da rogo na wajen Sokode, dawa da gero da wake na wajen Dapaong, daddawa da man kaɗanya da kuka, duk ba jirgi ne yake kawo su ba. Mai albashi wanda bai saki gona ba ya fi wanda ya sake ta kwanciyar hankali. A wajen magani kuma, tun 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da shirin sayar da magunguna masu sauƙin kuɗi a ƙananan asibitoci. Bayan 1994 mutane da yawa suka gane cewa ƙwayar da ba ta da babban suna tana aiki daidai da mai tsada. Samari marasa aiki suka hau babur suna ɗaukar fasinja. A lokacin dogon yajin aikin nan ne wannan sana'a ta bazu a Togo.

Amma rage cefane kaɗai ba ya biyan bashi. Abin da aka rage, in ba a ajiye shi inda hannu ba ya kaiwa ba, yakan zube kamar ruwa a kwando. A nan ne tsohuwar dabarar mata ta yi aiki, wato adashi. Kowa ya zuba abu kaɗan a ranar kasuwa, mutum ɗaya ya kwashe, a bi layi har a zagayo. Adashi ba shi da ruwa a kai, kunyar maƙwabta kuma ita ce ɗan sandansa. Sai dai yana da iyaka: ciwo ba ya jiran layin mutum ya zo.

Akwai wata dabara wadda ta zo ta hannun ikkilisiya. Asalinta daga Jamus ne, inda wani magajin gari mai tsoron Allah, Raiffeisen, ya ga yadda masu ba da rance da ruwa suke cinye gonakin talakawa. A 1864 ya kafa asusun da manoma da kansu suke riƙewa. A 1955 Fada John McNulty ya soma irin wannan asusu a Jirapa, a arewacin Gana, Bishop Peter Dery na Wa kuma ya yaɗa shi. A Togo, wani ɗan mishan Ba'amurke, James Winter, ya kafa na farko a Kougnohou a 1969. Asusun ya yi ta haihuwa, har a 1983 aka haɗa su ƙarƙashin FUCEC. Rassansa, da ake kira COOPEC, sun kai Sokode da Dapaong, Kirista da Musulmi kuma suna shiga tare.

Dokar irin wannan asusu gajeriya ce: ajiya kafin rance. Mutum sai ya yi ta zuba kuɗi na wani lokaci kafin a ba shi, abin da za a ba shi kuma ana auna shi da abin da ya ajiye. Kuɗin da ya karɓa na maƙwabtansa ne, ya san fuskokinsu. Wannan ita ce akasin hanyar da gwamnati ta bi a 1974. Ita ta ci bashi bisa arzikin da take zaton zai zo. Asusun kuwa yana ba da rance bisa halin da mutum ya riga ya nuna.

A ƙasar Hausa ma an bi wannan sawu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a jihar Maraɗi ta Nijar, aka kira shirin Mata Masu Dubara. Mata sukan taru mako mako, su zuba a akwati, su ranta wa juna, a ƙarshen zagaye su raba uwa da riba. Ba kuɗin Bature ko kaɗan a cikin akwatin. Daga Maraɗi dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa, har da Togo.

Amfanin wannan ya fi bayyana a ƙasar Dapaong, inda damina ɗaya ce a shekara. Da kaka hatsi yana da araha, a lokacin kuma ake neman kuɗin makaranta da na bukukuwa, ana kuma dafa burkutu mai yawa domin jana'izar rani. Sai manomi ya sayar da arha. In damina ta yi tsaka rumbu ya yi ƙasa, sai ya saya da tsada, ko ya ci bashin da zai biya da hatsin kaka mai zuwa. Misali, wanda ya karɓi kwano ɗaya a watan Yuli bisa alkawarin mayar da biyu a Nuwamba, ya biya ninki cikin wata huɗu, ya kuma shiga sabuwar shekara da rumbu mai rauni. Ajiya kaɗan a asusu, da rage hidimar da ake yi domin idon mutane, su ne suke tsinke wannan igiya. Girmama mamaci wajibi ne, amma ba a girmama shi da yunwar marayunsa.

Bashin ƙasa kuwa ya daɗe bai sauka ba. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya ziyarci Togo a 1985, ya yi kira a 1994 a rage ko a yafe bashin ƙasashe matalauta domin shekarar 2000, yana tunawa da shekarar 'yanci da ke cikin Littafin Firistoci sura 25. Ikkilisiyoyi masu yawa a duniya suka haɗa murya a kan haka. Togo ba ta sami rabonta da wuri ba saboda rikicin siyasa. Sai a Disamba na 2010 aka yafe mata kashi mafi yawa na bashin waje. Kafin wannan, a 2008, an soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Daga 1979 zuwa 2010 shekara 31 ke nan. Yaran da aka haifa a farkon wahalar sun zama iyaye kafin ta ƙare. Gidan da ya zauna jiran yafiya daga sama da ya daɗe da watsewa.

A cikin 2 Sarakuna sura 4 akwai labarin gwauruwa wadda mijinta ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin kuma yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu. Annabi Elisha ya fara da tambayar abin da take da shi a gida. Ɗan mai ne kawai a tulu. Ya aike ta ta aro tuluna daga maƙwabta. Da Ubangiji ya yalwata man, annabin ya sa ta sayar, ta biya bashi tukuna, sa'an nan ita da yaran su ci sauran. Mu'ujiza ta Allah ce, amma tsarin yana hannun kowane gida: a ƙirga abin da ake da shi, a haɗa kai da maƙwabta, a sa biyan bashi a gaba.

Yau a kasuwar Sokode da ta Dapaong ana iya aika kuɗi ta wayar hannu, masu ba da rance kuma sun fi na da yawa. Ƙofar cin bashi ta faɗaɗa, ƙofar biya tana nan yadda take. Miji da mata da za su zauna a farkon wata su rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita, su ware na mai bin bashi da na asusu kafin a tafi kasuwa, su kuma je wurin mai bin su da kansu in wata ya yi wuya, suna bin hanyar fataken Gwanja da ta matan adashi. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya ba kowane gida abinci na yau, da hikimar ajiye na gobe.