Daga Karusa Zuwa Amalanke: Tarihin Gyaran Aksul da Ƙafafun Keken Dabbobi

Gabatarwa

Mu da muka yi makaranta a shekarun 1970, tarihin da aka koya mana kusan duk na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Ba a cika gaya mana tarihin kayan aikin da talaka yake ci da su ba. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan kaya, wato ƙarƙashin keken da dabbobi ke ja: sandan da ke haɗa ƙafafu biyu, wanda makanikai ke kira aksul, da ƙafafun kansu, da abubuwan da ke riƙe da su.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu ya faru ne a shekarar 1987, lokacin ina ƙaramin jami'i mai kula da ƙungiyoyin gama-kai. An tura ni wani ƙauye rabon takin zamani, sai wani manomi ya zo ɗaukar kason ƙungiyarsu da sabon amalanke da shanu biyu da ya karɓa bashi. Bai yi nisa ba, a gangaren wani rafi, ƙafar hagu ta fice, amalanken ya kife, karkiya ta murɗe, sa ɗaya ya karye, ala tilas aka yanka shi. Wani tsohon makaniken lori da ke wurin ya tsinci notin a cikin yashi, ya jujjuya shi, ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wanda ya haɗa wannan bai san hagu da dama ba." A lokacin ban fahimce shi ba. Sai da na yi ritaya na shiga karance-karance sannan na gane cewa kuskuren da ya raba manomin nan da sansa, maƙeran wasu ƙasashe sun magance shi tun fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce.

Mafarin Ƙafa da Aksul

A shekarar 2002 masu tonon kayan tarihi suka gano wata ƙafar keke ta itace tare da aksul ɗinta a wata fadama kusa da birnin Lubliyana na ƙasar Sulobeniya. Bincike ya nuna ta haura shekara 5,000. Abin lura a jikinta shi ne, ramin da ke tsakiyarta mai kusurwa huɗu ne, wato ke nan ƙafar da aksul ɗin tare suke juyawa. Wannan tsari yana da sauƙin sassaƙawa, amma yana da aibi: idan aka zo kwana, ƙafar waje tana bukatar ta yi tafiya fiye da ta ciki, to da yake a ɗaure suke wuri guda, dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa.

Gyara na farko babba shi ne da aka kafe aksul a jikin keken, aka bar kowace ƙafa tana juyawa ita kaɗai a bakinsa, aka soka wata ƙusa a ƙarshe don ta tare ta. Daga baya, wajen shekara 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), aka samu ƙafa mai sanduna a maimakon faifan katako mai nauyi. Karusai shida da aka tarar a kabarin Fir'auna Tutankamun na Masar, wanda aka gano a 1922, duk irin wannan ƙafar ce da su. Maƙeran mutanen Kelt na Turai kuma suka shahara da dabarar ɗaura wa ƙafa zoben ƙarfe: a gasa zoben ya buɗa, a saka shi da zafinsa, a watsa masa ruwa ya tsuke ya matse katakon gam. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san ƙarfe yana buɗawa da wuta, yana tsukewa da sanyi.

Bayan waɗannan, matsaloli uku ne suka rage wa masu ƙera karusa, suka kuma daɗe suna fama da su: gogayya da ficewar ƙafa, shan kwana, da kuma jijjiga.

Gogayya da Ficewar Ƙafa

Ɗaruruwan shekaru aksul na itace ne, ana lulluɓe bakinsa da ɓallin ƙarfe, ana shafa masa kitse ko kwalta. Manyan kekunan kaya na Amurka da ake kira Konestoga sukan rataye bokitin wannan shafi a ƙarƙashinsu, domin in aka yi sakaci bakin aksul ya bushe, sai ya yi zafi ya cinye. Ƙura da yashi kuwa suna shiga su gauraye da kitsen su zama tamkar dutsen wasa wuƙa. Ƙusar da ke tare ƙafa ita ma takan karye ko ta zame, kuma ficewar ƙafa ana tsakar gudu ba ƙaramin asarar rayuka da dukiya ta jawo ba.

Masassaƙa sun fara rage matsalar ta hanyar siffar ƙafar. Sukan ƙera ta da ɗan zurfi kamar faifai, su kuma sunkuyar da bakin aksul ƙasa kaɗan, ta yadda sandan da ke ɗauke da nauyi a kowane lokaci zai tsaya a miƙe, ƙafar kuma ta riƙa matsowa ciki maimakon ta danna ƙusa. Wannan zurfi yana ba ƙafa ƙarfin jure rangajin da tafiyar doki ke jawowa hagu da dama.

Gagarumin sauyi ya zo ne a Ingila a ƙarshen ƙarni na 18. A 1784 aka fara jigilar wasiƙu da karusa mai sauri tsakanin Biristol da Landan, aikin da ba ya son tsayawa gyara a hanya. Irin aksul ɗin da aka saba sa wa waɗannan karusai yana da dogayen ƙusoshi uku masu noti da ke ratsa cibiyar ƙafa su kama wani faranti da ke bayan wuyan aksul, saboda haka ƙafar ba ta da hanyar ficewa. A 1792 kuma wani maƙeri mai suna John Collinge na Landan ya yi rajistar nasa aksul na ƙarfe. Ya rufe bakinsa da hular tagulla mai riƙe mai, ƙura ba ta shiga, man ba ya zuba, har akan yi watanni ba a buɗe ba. Sannan ya sa noti biyu, ɗaya mai zaren dama ɗaya mai zaren hagu, ta yadda in juyawar ƙafa ta nemi kwance ɗaya, sai ta ƙara ɗaure ɗayan.

A nan ne na gane maganar tsohon makaniken nan. Noti na yau da kullum ana ɗaure shi ne ta hannun dama. Ƙafar dama idan tana tafiya gaba ɗaure shi take yi, amma ta hagu kwance shi take yi. Shi ya sa masu ƙera kekunan kaya suka riƙa sa noti mai zaren hagu a ɓangaren hagu, ko su soka masa fil ya tare shi. Mai waldar da ya haɗa amalanken manominmu bai yi ko ɗaya ba.

Shan Kwana

Keke mai ƙafa huɗu ya fi ɗaukar kaya, amma idan duka aksul biyun a kafe suke, ba ya kwana sai da ja da turi. Maganin da aka daɗe da shi shi ne a sa aksul na gaba ya riƙa juyawa a kan wata babbar ƙusa da ke tsakiyarsa, tare da zoben ƙarfe da gangar keken ke zama a kai. Aka kuma ƙanƙanta ƙafafun gaba domin su iya shigewa ƙarƙashin gangar. To amma idan aksul ɗin ya juya sosai, ƙafafun gaba sukan koma kusan layi ɗaya, sai keken ya zama kamar mai ƙafa uku, abu kaɗan ya kifar da shi.

Wani mai ƙera karusa a birnin Munik na Jamus, Georg Lankensperger, shi ya kawo mafita. Ya bar aksul a kafe, ya sa kowace ƙafar gaba tana juyawa a kan tata ƙusar, ya haɗa su da sanda, ta yadda ƙafar ciki za ta fi ta waje karkata, kowacce ta bi da'irar da ta dace da ita. Wakilinsa a Landan, Rudolph Ackermann, shi ya yi rajistar dabarar a 1818, kuma har yau da sunansa ake kiranta. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Masu karusa na wancan zamani ba su rungume ta sosai ba, sai da mota ta zo. Motar farko ta Karl Benz ta 1886 ƙafa uku gare ta, domin bai gamsu da tsarin juya ƙafafu biyu na gaba da ake da shi ba. A 1893 ya fito da mai ƙafa huɗu bisa irin wannan tsari, wanda shi ne tushen sitiyarin motocin da muke hawa.

Jijjiga

Jijjiga ba fasinja kaɗai take wahalarwa ba, ita ce ke karya aksul da ƙafa. Garin Koc na ƙasar Hangari ya yi suna a ƙarni na 15 da wata karusa mai sauƙi da sauri, har sunan garin ya zama sunan karusa a harsunan Turai da dama. Tsawon ƙarnuka ana rataye gangar karusa ne da sarƙa ko da faffaɗan tsirkiyar fata. A 1804 Obadiah Elliott na Landan ya fito da sifirin na faifayen ƙarfe masu lanƙwasa, ya ɗora gangar kai tsaye a kan aksul. Wannan ya sa aka iya cire katon gungumen da ke haɗa gaba da baya, karusa ta yi sauƙi, ta yi ƙasa, ta rage kifewa. Dangin wannan sifirin ne muke gani a ƙarƙashin lori da a-kori-kura.

Gyara na ƙarshe ya fito ne daga Amurka. Henry Timken, haifaffen Jamus, mai ƙera karusa ne a birnin Sen Luwis. Ya lura cewa a wurin kwana nauyi ba daga sama kaɗai yake danna ƙafa ba, har daga gefe. A 1898 ya yi rajistar boris mai 'yan gangunan ƙarfe masu tsukakken baki, wanda ke ɗaukar nauyin biyu a lokaci guda. Domin karusa aka ƙirƙire shi, amma mota ce ta ci gajiyarsa. Haka ma tayar iska: Robert Thomson ya yi rajistarta a 1845 ya kuma gwada ta a karusar doki, tun kafin John Dunlop ya sake fito da ita don keken hawa a 1888.

Yadda Abin Ya Iso Gare Mu

Mai karatu zai iya tambaya, ina ƙasar Hausa take a duk wannan labari? Ba a ce yankinmu bai taɓa ganin ƙafar keke ba. Akwai zanen karusai na dā a jikin duwatsun Sahara, har da na ƙasar Azbin. A Kukawa ma, a 1823, kafintan ayarin Denham da Clapperton mai suna Hillman ya sassaƙa wa Shehu Laminu kekunan ɗora igwa. Sai dai fataucinmu ya ginu ne a kan raƙumi da jaki da takarkari da 'yan alaro, kuma wannan ba rashin dabara ba ne. Hanyoyinmu 'yan siraran turbobi ne masu yashi da rani, masu taɓo da damina, inda jaki zai wuce, ƙafar katako ta nutse.

Amalanke ya samu gindin zama ne bayan da aka shigo da noman shanu a ƙarshen shekarun 1920, ya kuma yaɗu sosai lokacin da matattun motoci suka yawaita. Masu walda suka riƙa cire aksul na Land Rover da na Peugeot suna ɗora masa katako. Wato ke nan manominmu ya gaji ƙarshen wannan dogon tarihi a dunƙule: aksul na ƙarfe, boris irin na Timken, da tayar iska mai faɗi wadda ba ta nutsewa a yashi. Abin da ya gagari ƙafar katako, tsohuwar tayar mota ta yi shi.

Amma gadon bai cika ba. Mun tsaya a kan ƙafa biyu, wanda ya hutar da mu daga matsalar kwana, sai dai wuyan sa ne ke biyan kuɗin. A keke mai ƙafa huɗu dabba ja kawai take yi, a mai ƙafa biyu kuwa tana ja tana ɗauka. Idan aka kai aksul baya da yawa, kaya su danne karkiya, wuyan sa ya yi gyambo. Idan aka kawo shi gaba da yawa, amalanke ya ɗaga, igiya ta shaƙe maƙogwaro. Bugu da ƙari, yawancin amalankenmu ba su da birki, a gangara shanu ne ke tare kayan da wuyansu. Sau da yawa kuma akan ɗauko aksul na baya da duk tarkacen giyarsa, nauyin banza da sa zai yi ta ja har ƙarshen rayuwarsa. Daga ƙarshe ga rashin giris da rashin fil, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Kammalawa

Idan aka duba sunayen da na ambata, za a ga babu sarki ko ɗaya da ya gyara aksul. Maƙera ne da masassaƙa, kowa ya lura da aibi guda ya magance shi, na baya ya ɗora a kan na gaba. Ina kira ga malaman makaranta, musamman na tarihi da na kimiyya, da su fita da ɗalibai zuwa bakin kasuwa su tsuguna a ƙarƙashin amalanke, su tambaye su: ina aksul yake zaune, me ya tare notin hagu, wa ke ɗauke da nauyin? Dattawa kuma da suka ga zuwan amalanke garuruwansu, ya kamata a zauna da su a rubuta wanda ya fara kawo shi da wanda ya fara ƙera shi, tun suna raye.

Manomin nan na 1987 sai da ya yi damina uku yana biyan bashin san da ya riga ya zama nama. Na sake haɗuwa da shi bayan shekaru a wata kasuwa, da wani amalanken. Kafin mu gama gaisawa ya ja hannuna zuwa ƙafar hagu, ya nuna mini wata lanƙwasasshiyar ƙusa da ya soka a bakin notin da kansa.